Me ya haɗa kayan kwalliya da sararin samaniya a Turanci?

Wata 'yarmu haifaffiyar Makka, mai aiki a shagon kayan kwalliya a Jidda da rana, da dare kuma tana karatun Turanci don jarrabawar shiga jami'a, ita ta aiko da wannan tambaya. An ba su jerin tushen kalmomi su haddace, a ciki an rubuta cewa "cosm" daga Girkanci yake, ma'anarsa duniya ko sararin samaniya. Ta gane yadda cosmos da cosmology da cosmonaut suka shigo wannan gida. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne cosmetics, kalmar da take gani a jikin kwalaye kullum. Dangin juna ne, ko haruffa ne kawai suka yi kama? Sannan waɗanne kalmomi ne daga wannan tushe suka kamata ta sani?

'Yata, Allah ya yi miki albarka da wannan lura. Dangin juna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Takardar da aka ba ku ba ta yi ƙarya ba, amma ta kama labarin daga tsakiya, shi ya sa ɗaya daga cikin manyan 'ya'yan gidan ta zame miki baƙuwa. Ni dai ba na son irin wannan jeri na tushe a hagu, ma'ana guda a dama. Yana samar wa ɗalibi maki biyu a jarrabawa, sannan ya bar shi cikin duhu ranar da ya yi karo da kalmar da ta ƙi bin layi.

A bakin Girkawan farko, waɗanda littattafan Larabci ke kira Yunan, kalmar kosmos ba duniya take nufi ba. Tsari take nufi: kowane abu a mazauninsa, babu wanda ya hau kan wani. A waƙoƙin Homer, da aka tsara wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, idan an yi abu yadda ya kamata sai a ce an yi shi "kata kosmon", wato bisa tsari. Sarkin da ke jera mayaƙa kafin a gwabza kuwa ana kiransa kosmetor. A tsibirin Kirit, manyan mahukuntan gari sunan sarautarsu kosmoi, masu tsara al'amuran jama'a. Idan kina son ki ga abin da Bagirke ke nufi da idonki, ki hau bene a Harami daf da tayar da salla. Jama'a na kai da komo, kowa da inda ya dosa, ana tayar da iƙama sai ki ga cikin ɗan lokaci dubban mutane sun zama sahu-sahu kewaye da Ka'aba, kafaɗa da kafaɗa. Mutanen ba su ƙaru ba, ba su ragu ba. Abin da ya shigo shi ne kosmos.

Daga tsari zuwa ado kuwa taki ɗaya ne, kuma Hausa ma ta yi wannan takin. Muna cewa amarya ta tsara kwalliya, muna cewa ta shirya tsaf. Ba mu ce ta tara kaya a jiki ba. Ɗan kunne ya dace da sarƙa, ɗaurin ɗankwali ya zauna, lalle bai zarce inda aka nufa ba. Haka Girkawa suka ɗauki kalmar tsari suka ba wa adon mace da na doki da na ɗaki. Wannan ma'ana ta biyu tsohuwa ce ƙwarai, tana cikin waƙoƙin Homer ɗin nan. Har yau a Girkancin zamani, sunan abin ado irin su zobe da sarƙa kosmima ne.

Duniya ita ce ma'ana ta uku, ita ce ta zo daga baya. Marubutan da suka biyo baya sun ce Pythagoras, wanda kuka sani a darasin lissafi da Fisagurus mai ka'idar alwatika, shi ne ya fara kiran sammai da wannan suna. Mutumin tsibirin Samos ne, ya rayu a ƙarni na 6 kafin miladiyya. Abin da ya sa kalmar ta dace a wurinsu a fili yake. Rana na fitowa inda aka sa ran ta, wata na cika ya ragu bisa ƙidaya, taurari na dawowa da lokutan shekara. Manomin ƙasar Hausa da ke duban Kaza da 'ya'yanta don sanin inda damina ta kwana ya ga abin da suka gani. Aflatun, masanin falsafar Girka da Turawa ke kira Plato, ya faɗi dalilin ƙarara a ɗaya daga cikin muhawarorin da ya rubuta: masu hikima, in ji shi, sun ce zumunci da ƙauna da tsari da kamun kai da adalci su ke riƙe da sama da ƙasa, shi ya sa suke kiran wannan abu baki ɗaya kosmos, ba hargitsi ba. Saboda haka duk wanda ya kira halitta da wannan suna, ya riga ya yanke hukunci a kanta, cewa tsararriya ce kuma kyakkyawa.

Kishiyar kalmar a Turancin yau ita ce chaos, hargitsi, wadda a tsohon Girkanci take nufin wawakeken fili mai hangame da baki kafin a samu komai. Daga ita ne wani masanin sinadarai na ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, Jan Baptist van Helmont, wanda ya rasu a 1644, ya ƙirƙiro kalmar gas. Tukunyar gas da ke kicin ɗinku ita ma da Girkanci a sunanta.

Mai karatun Alƙur'ani ba zai yi mamakin haɗa sama da ado ba. A Suratus Saffat, aya ta 6, Allah ya ce ya ƙawata saman duniya da ado na taurari, kuma kalmar da ta zo ita ce zina, wadda ake faɗa wa adon mace. A Suratul Mulk, aya ta 3, an ce ba za ka ga wata tangarɗa a halittar Mai Rahama ba, aya ta 5 kuma ta zo da ƙawata sama da fitilu. Tsari da ado, wuri ɗaya. Sai dai kada ki ɗauka aƙidar ta zo ɗaya don kalmomi sun yi kusa. Heraclitus, wanda ke cikin na farkon da suka yi amfani da kosmos da wannan ma'ana, cewa ya yi babu wanda ya yi shi, yana nan tun fil azal. Aristo, ɗalibin Aflatun, ma ya tafi a kan cewa duniya ba ta da farko, kuma wannan na cikin mas'alolin da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masu falsafa raddi a kansu. Sun ga tsarin, mun gan shi, inda muka sha bamban shi ne wane ne ya tsara.

Romawa ma haka suka yi da tasu kalmar, mundus, wadda ke nufin kayan adon mace kuma take nufin duniya. Pliny Babba, wanda ya mutu a aman wutar dutsen Vesuvius a shekara ta 79, ya lura da wannan kamanni tsakanin harsunan biyu ya rubuta shi. Daga mundus aka samu monde na Faransanci da mundane na Turanci, wato abin yau da kullum marar armashi. Romawan ne kuma suka saba rubuta harafin k na Girkanci da c, shi ya sa Turanci ke da cosmos, Jamusanci ke da Kosmos.

To ga amsarki kai tsaye. Daga aikatau kosmein, a tsara ko a ƙawata, aka samu kosmetikos, mai gwanintar ƙawatawa. Ya bi ta Faransanci ya shiga Turanci a farkon ƙarni na 17 ya zama cosmetic. Wannan kalma ba ta taɓa hawa sama ta sauko ba. Ta tsaya ne a kan tsohuwar ma'ana ta ado, 'yan'uwanta suka wuce gaba. Hoda da jan baki da gazal da man shafawa, abin da Larabawa ke kira mustahdaratut tajmil, su ne cosmetics, da s a ƙarshe. Amma a jarrabawa da jaridu, wata ma'anar za ki fi cin karo da ita. Idan an ce an yi wa doka ko ma'aikata "cosmetic changes", kwaskwarima ake nufi: an shafe bango, tsagewar na nan a ciki. Kushe ce, ba yabo ba. Akwai kuma cosmetic surgery, tiyatar gyaran sura da ake yi don kyau, ba don cuta ba. Cosmetology shi ne koyon sana'ar gyaran fata da gashi da farce. Harafi biyu kawai suka raba shi da cosmology, ɗalibai kuwa suna musanya su a rubutu fiye da yadda za ki zata. Ki kula da su wajen cike takardar neman makaranta.

Ita kanta cosmos, ko da yake ta leƙo Turanci tun da daɗewa, ba ta zauna da gindinta ba sai a tsakiyar ƙarni na 19. Bajamushen masanin nan Alexander von Humboldt ya wallafa wani babban aiki mai suna Kosmos, juzu'in farko a 1845, na biyar a 1862 bayan rasuwarsa, yana ƙoƙarin bayyana halitta gaba ɗayanta, daga taurari har tsirran kan dutse, a matsayin abu guda mai haɗe da juna. Fassarorin Turanci suka bazu, kalmar ta bi su. Shi ya sa Turanci ke da kalmomi uku da ba sa zama a gurbin juna. World ta gida ce, daga tsohon Turanci, asalin ma'anarta zamanin ɗan Adam. Universe daga Latin take, abin da aka juya ya zama ɗaya, 'yar'uwar university. Cosmos ita ce mai ɗauke da ƙanshin tsari, ana jawo ta idan ana son a nuna girma da daidaito. Ba za ki ce kin zagaya cosmos ba idan ƙasashe kika yawata, sai world.

Akwai kalmomin ilimi guda uku da ake cakuɗawa, wutsiyar kowace ita ke raba gardama. Cosmology na ɗauke da logos, bayani ko nazari: ilimin da ke binciken sararin halitta dunƙule, girmansa da shekarunsa da yadda yake sauyawa. Larabawa na cewa ilmul kauniyyat. A nan ne za ki ji sunan Georges Lemaître, wanda a 1927 ya nuna cewa sarari na faɗaɗa, da Edwin Hubble, wanda a 1929 ya auna cewa gungun taurari masu nisa suna ƙara nesanta da mu, mafi nisa ya fi sauri. Lissafin masanan yau ya sa shekarun wannan faɗaɗa a wajen biliyan 13.8. Cosmogony na ɗauke da tushen haihuwa, saboda haka labari ne ko nazari na yadda duniya ta faro. Kowace al'umma na da nata, shi ya sa masana al'adu suka fi masana taurari amfani da kalmar. Cosmography kuma daga graphein, rubutawa ko zanawa, siffanta sama da ƙasa ke nan. Ta tsufa yanzu, amma ta yi tashe. A wani ɗan littafi mai wannan suna, da aka buga a 1507 tare da taswirar Martin Waldseemüller, aka fara raɗa wa sabuwar nahiya suna Amurka, daga sunan matafiyin nan Amerigo Vespucci. Littafin Zakariyya al-Ƙazwini, wanda ya rasu a 1283, mai suna Aja'ibul Makhluƙat, shi ma da wannan kalma Turawa ke siffanta shi.

Kada ki haɗa waɗannan da astronomy da astrology, su daga astron suke, wato tauraro. Na farko ilimin falaki ne, na auna tafiyar rana da wata da taurari, irin wanda ake tsara kalandar Ummul Ƙura da shi. Na biyu tanjimi ne, duba da taurari, wanda kin san hukuncinsa.

Siffar cosmic tana yawan zuwa a darasin kimiyya. A 1912 Victor Hess, mutumin Ostiriya, ya shiga balan-balan ya hau sama fiye da mita 5,000 ɗauke da na'urar awo. Ana zaton wani haske marar ganuwa da na'urori ke ji daga ƙasa yake fitowa, don haka ya kamata ya ragu in an yi sama. Sai ya tarar ƙaruwa yake yi. Ashe daga waje yake zuwa, aka sa masa suna cosmic rays, Hess kuma ya samu kyautar Nobel a 1936. Arno Penzias da Robert Wilson su ma a 1964 wata ƙara ce ta dame su a na'urar sauraronsu a jihar New Jersey ta Amurka, ko ina suka juya ta tana nan. Ta tabbata saura ce ta zafin farkon sarari, wanda ya huce har ya kai kusan digiri 270 ƙasa da sifiri. Ita ake kira cosmic microwave background. A maganar yau da kullum kuwa, cosmic na nufin abu mai girman da ya wuce misali. Akwai ma fure mai suna cosmos, ɗan asalin Meziko, wanda masanin tsirrai na Sifen Antonio José Cavanilles ya raɗa wa suna a 1791.

Microcosm kalma ce da nake so ki riƙe da kyau, don tana fitowa a rubutun jarrabawa, kuma tana ƙawata rubutun ɗalibi idan ya san inda zai ajiye ta. Mikros ƙarami ne, saboda haka ƙaramar duniya. Tun Democritus Girkawa ke cewa mutum ƙaramar duniya ne, duk abin da ke cikin babbar, wato macrocosm, akwai kwatankwacinsa a jikinsa. Wannan tunani ya shiga Larabci sosai. Ikhwanus Safa, wata ƙungiyar masu falsafa ta Basra a ƙarni na 10, sun keɓe risala guda a kan cewa mutum alamun sagir ne, wato ƙaramar duniya, wata kuma a kan cewa duniya insanun kabir ce, wato babban mutum. Abin lura a nan shi ne yadda mafassaran Bagadaza na zamanin Halifa Ma'amun da bayansa suka yi da kalmar. Falsafa da jugrafiya da musiƙa sun ɗauko su yadda suke daga Girkanci, amma kosmos ba su ɗauko ta ba, sun sa alam a gurbinta, don suna da tasu. Shi ya sa Larabcinki ba ya taimaka miki wajen gane wannan tushe, alhali yana taimaka miki da geography. A Turancin yau, microcosm ƙaramin wuri ne da ke nuna hoton babba. Za a iya cewa Mina a kwanakin aikin hajji microcosm ce ta duniyar Musulmi, kuma wannan jimla ce da mai gyaran takarda zai yi na'am da ita.

Sai kalmar da ta fi taɓa ni a duk gidan, cosmopolitan. Rabinta na biyu polites ne, ɗan gari mai cikakken haƙƙi, daga polis, birni. Wannan polis ɗin ita ta haifi politics da police da policy da metropolis, tana kuma ɓoye a sunan Tarabulus, birane uku, da Nablus, sabon birni. Wanda aka fara jin kosmopolites a bakinsa shi ne Diogenes, mutumin Sinope a gaɓar Baƙin Teku, cikin Turkiyya ta yau, wanda ya rasu wajen 323 kafin miladiyya. An kore shi daga garinsu, ya zo Atina ya zauna ba shi da komai. Da aka tambaye shi daga ina yake, sai ya ce shi ɗan duniya ne. Ki kula, a Hausa ba za mu fassara shi haka ba, don ɗan duniya a wurinmu wani abu ne daban; nufinsa shi ne ƙasarsa ita ce duniya baki ɗaya.

Nauyin amsar ba zai bayyana ba sai kin san yadda Atina take a lokacin. Tun dokar da Pericles ya kawo a 451 kafin miladiyya, ba a zama ɗan Atina sai uwa da uba duk 'yan Atina ne. Baƙon da ya zauna, ko a can aka haife shi, sunansa metoikos: yana biyan haraji na musamman, ba ya mallakar fili sai da izini na musamman, kuma dole ya samu ɗan gari ya tsaya masa. Aristo kansa a wannan matsayi ya yi shekarunsa na koyarwa a birnin. Wanda ya tashi a unguwannin Hindawiyya ko Shara Mansur, ya san sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, da neman sa hannun kafili, ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo, ba ya bukatar dogon sharhi a nan. Ashe kalmar ba daga bakin attajiri mai yawon buɗe ido ta fito ba. Ta fito ne daga bakin mutumin da babu garin da ya rubuta sunansa, ya ƙi yarda wannan ya rage masa mutunci. Malaman da ake kira Stoics, Ruwaƙiyyun a Larabci, suka ɗauki tunanin suka faɗaɗa, a 1795 kuma Immanuel Kant ya gina a kansa cewa baƙon da ya iso wata ƙasa cikin lumana yana da haƙƙin kada a ɗauke shi abokin gaba.

A yau an fi amfani da ita wajen siffanta birni mai tara jinsi-jinsi, ko mutumin da ya saba da al'adu da yawa. Idan malaminku ya nemi misali, ba sai kin je Landan ko New York ba. Makka da Jidda sun riga su da ƙarnoni. Sunayen dangi kaɗai sun isa shaida: Hausawi, Fallata, Barnawi, Bukhari, Jawi, Hadrami, Turkistani. Shinkafar Bukhari da mantu da siriyya, wadda tsirenmu ne ya sauya suna, duk a titi ɗaya ake sayar da su. Masana halittu ma na cewa ƙwaro ko tsiro cosmopolitan ne idan ana samunsa kusan ko'ina, kamar ƙudan gida. Amma kalmar ta taɓa zama makami. A ƙarshen shekarun 1940, gwamnatin Stalin ta riƙa kiran wasu marubuta da masana, akasarinsu Yahudawa, cosmopolitan marasa saiwa, ma'ana ba su da kishin ƙasa, aka raba su da ayyukansu. Saboda haka ki duba wanda ya faɗe ta da kuma wanda ya faɗa wa, kafin ki ɗauke ta yabo.

Cosmonaut sabuwar haihuwa ce. Nautes matuƙin jirgin ruwa ne, daga naus, jirgi, inda nautical ta fito, da nausea, tashin zuciyar da kakanninmu suka sha a kwale-kwale tsakanin Sawakin ta Sudan da Jidda. A Rashanci kosmos ya zama sunan sararin samaniya, shi ya sa suka kira matafiyinsu kosmonavt, Amurkawa kuma suka zaɓi astronaut, matuƙin taurari. Aikin ɗaya ne, wanda ya horar da kai da jirgin da ka hau su ke raba sunan. Yuri Gagarin ya tashi ranar 12 ga Afrilu 1961 daga Baikonur, cikin Kazakistan, ya zagaya duniya sau ɗaya a tafiyar minti 108. Filin tashin sunansa cosmodrome, daga dromos, filin tsere. Valentina Tereshkova ta bi sahu a Yuni 1963, mace ta farko. Yarima Sultan bin Salman ya tafi a jirgin Discovery na Amurka a Yuni 1985, Balarabe kuma Musulmi na farko a sarari, don haka astronaut ne. Muhammad Faris na Siriya ya tafi a kumbon Soyuz zuwa tashar Mir a Yuli 1987, shi cosmonaut ne. Rayyana Barnawi da Ali al-Ƙarni, da suka tashi daga Florida a Mayu 2023, astronauts ne. Larabci ya huta da wannan rabe-rabe, kowa ra'idu fada ne, wato matafiyin sararin samaniya.

Wani abu da zai ba ki sha'awa: a Girkancin yau, idan wuri ya cika da mutane sai su ce akwai kosmos da yawa. Mu ma muna cewa duniya ta taru, ko an yi abu a idon duniya, mutanen Hijaz kuma in sun ƙosa sai ki ji "ya alam", wato "ya ke duniya", suna nufin jama'a. Harsuna uku daban-daban, kowanne ya mai da duniya ta zama jama'ar cikinta.

Saura gargaɗi. Ba duk kalmar da ta fara da c-o-s ce 'yar gidan ba. Alamar ita ce m ɗin da ke biye. Cost da costume daga Latin suke ta wasu hanyoyi daban. Cosine na lissafi ma babu ruwansa, co ne da sine, kuma labarinsa ya fi kusa da mu. Masana lissafin Indiya suna da kalmar jiva, tsirkiyar baka. Larabawa suka rubuta ta da jim da ya da ba, masu karatu suka karanta jaib, wato wuyan riga ko aljihu, mafassaran Latin na ƙarni na 12 suka fassara ta da sinus, lanƙwasar tufa. Al-jaib ɗin nan kuwa shi ne aljihun Hausa.

Game da furuci, harafin s da ke gaban m ana faɗinsa z ne a dukansu: kozmos, kozmetik, kozmoloji. Nauyin murya kuma yawo yake yi, nan ne ɗalibai ke tuntuɓe a jarrabawar baka. A cosmos da cosmic da cosmonaut yana kan gaɓar farko. A cosmetic da cosmology yana kan ta biyu. A cosmological da cosmopolitan sai ya koma ta uku, kan "lo" da "po". Wannan p ɗin shi ne ya fi wahalar da yaranmu na nan, domin Hausa na jan shi zuwa f, Larabci na jan shi zuwa b, ke kuma da duka biyun kika tashi. Ki riƙe 'yar takarda a gaban leɓenki ki faɗi "po": leɓɓa su haɗu su rufe ruf, sannan su buɗe da iskar da za ta kaɗa takardar. In takardar ba ta motsa ba, b kika faɗa. In iska ta zurara tun leɓɓan ba su rufe ba, f ce.